A Samar Mana Da Awon Gaggawa Na Ƙwayoyin Cutar Baki Da Muƙamuƙi A Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari na kiwon lafiya da ba a cika kawo shi a shafukan jarida ba, alhali kuwa da wuya a sami unguwa a nan Damagaram da bai taɓa ba, wato ciwon baki da na muƙamuƙi, da irin daɗewar da ake yi kafin a san ainihin ƙwayar cutar da ta haddasa shi. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, na yi shekaru ina koyarwa a makarantun sakandare na wannan jiha har na yi ritaya, kuma ta wannan ƙofar na shigo maganar, domin na tabbata cewa ilimin da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da shi a kan allo yana da hanyar da zai rage wannan jira daga kwanaki zuwa abin da bai kai awa guda ba.

Bara, a tsakiyar bazara, ƙanena wanda ke sana'ar dukanci ya fara kukan ciwon turmin haƙori na ƙasa, ta ɓangaren hagu. Ya yi abin da yawancinmu muke yi, ya cusa kanumfari a ramin haƙorin, ya kurkure baki da ruwan gishiri, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya sayi kafso wajen masu yawo da magani a tire, ya sha na kwana biyu, zogin ya lafa, ya ajiye sauran. Bayan mako guda ciwon ya dawo, wannan karon da kumburi. Kafin kwana uku kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar icce, harshensa ya ɗago sama, yawu yana zuba, bakin kuma ko yatsa biyu ba sa shiga. Daren da matarsa ta aiko yaro ya kira ni, na tarar da shi zaune ya jingina da bango domin kwanciya ta gagare shi, da ƙyar na ji abin da yake cewa: "Yaya, numfashi nake nema." Muka ɗauke shi a daren nan zuwa asibiti, likitan da ke bakin aiki ya tsaga wurin, mugunya ta fito da wani irin ɗoyi wanda har yau in na tuna sai in ji kamar yana hancina. An cire haƙorin, an sa masa magani ta jijiya, Allah kuma cikin ikonsa ya tashi kafaɗunsa, amma sai da ya yi kwana 19 a kwance, aka sauya masa magani har sau biyu, gidansa kuma ya rabu da awaki uku kafin a sallame shi.

A rana ta huɗu, ganin zazzaɓin bai sauka ba, na tambayi likitan ko wace ƙwayar cuta ce muke fama da ita. Yaro ne matashi mai ladabi, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Baba, mun san ƙwayoyin da suka saba yin wannan ɓarna, sai mu ba da maganin da ya saba kashe su, mu zuba ido. In muka ce sai awo ya fito za mu ba da magani, sakamakon zai zo ya tarar da mai shi ya warke ko an riga an yi masa sutura." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, hasali ma hanzarinsa ne sanadin da Allah ya yi ƙanena ya rayu. Ciwon da ya kama shi sananne ne a littattafan likitanci tun 1836, lokacin da wani likita Bajamushe mai suna Wilhelm von Ludwig ya yi bayaninsa, har ake kiransa da sunansa, kuma yawanci daga turamen ƙasa na can ƙurya yake tasowa, ya bi ƙarƙashin harshe ya toshe hanyar numfashi. Abin da ya dame ni shi ne, kusan shekara 190 bayan wannan bayani, likitanmu yana ba da magani ne ba tare da ya ga fuskar abokin gabarsa ba.

Dalilin jinkirin yana cikin halin ƙwayoyin kansu. Bakin ɗan Adam mazauni ne na bakteriya kusan iri 700, kuma tun 1683 wani mutumin ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro daskararren dattin haƙoransa ya duba a madubin da ya ƙera, ya ga suna motsi. Da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda ke ɓuya a ƙarƙashin dasashi da cikin ruɓaɓɓen haƙori, iskar oksijin da muke shaƙa guba ce a gare su, bari in kira su masu gudun iska. Mugunyar haƙori kuma da wuya a sami ƙwaya iri ɗaya a cikinta, taron dangi suke yi, a sami Streptococcus tare da masu gudun iska irin su Prevotella da Fusobacterium da Porphyromonas, kowace tana share wa ƴar'uwarta hanya. Mai awo in zai raine su, sai an zuƙo masa mugunyar da sirinji ba a bari iska ta taɓa ta ba, ya shafa ta a kan faranti mai abinci na musamman da aka haɗa da jini, ya rufe a cikin tukunyar da aka cire wa oksijin, ya ajiye a ɗumi daidai da na jikin mutum, kada ya buɗe sai bayan awa 48 aƙalla. Daga nan ne zai fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya sake rainon kowace ita kaɗai, sannan ya gwada halinta. Mako guda yakan tafi a haka, wata ƙwayar ma, irin Actinomyces da ke cin muƙamuƙi sannu a hankali, takan kai mako biyu kafin ta nuna kanta. Idan kuwa da auduga aka dangwalo mugunyar aka bar ta a iska, masu gudun iskar sun mutu tun a hanya, sai takarda ta dawo da cewa ba a ga komai ba, alhali majinyaci yana can yana ruɓewa.

To, ɗoyin nan da na ambata shi ne ya tsaya mini a rai, domin ga wanda ya karanci sinadarai wari ba komai ba ne illa wasu abubuwa da suka tashi suka shiga iska. Masu gudun iska in sun ci sukari da furotin na jikin mutum, sukan fitar da wasu ƙananan sinadarai masu tsami a matsayin kashinsu, tare da wasu masu farar wuta a ciki waɗanda ke ba da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗaya daga cikin masu tsamin shi ne butirik, wanda duk macen da ta taɓa barin man shanu ya kwana biyu har ya ɓaci ta san warinsa, sunansa ma daga kalmar man shanu ta Turawan da aka ciro shi. Ba don komai na kawo shi ba sai don tarihinsa ya haɗu da namu zancen: a 1861 Louis Pasteur na Faransa yana binciken ƙwayar da ke samar da wannan sinadari ne ya lura cewa iska tana kashe ta, daga nan duniya ta san akwai halittun da ke rayuwa ba da oksijin ba. Kowane dangi na waɗannan ƙwayoyi kuma da irin abin da yake fitarwa. Fusobacterium butirik take zubarwa da yawa, Prevotella ta fi ba da asetik, wato tsamin da ke cikin binigar, da wani da ake kira suksinik, Porphyromonas kuma takan haɗa da butirik da isobalerik. Yadda mafarauci yake duba kashin dabba a daji ya faɗi abin da ya wuce ta wurin ba tare da ya gan shi ba, haka mai awo zai iya duba waɗannan sinadarai ya san wa ke cikin mugunya.

Na'urar da ke wannan aiki ana ce mata kuromatogiraf ta gas, kuma zan so mai karatu ya fahimci cewa ba tsafi ba ce. Ana ɗiga wa mugunyar ɗan ruwan asid, a girgiza ta da wani ruwan sinadari mai suna ita (ether) domin ya tsotso masu tsamin, sannan a ɗebi abin da bai kai ɗigo ɗaya ba a tura shi da allura cikin wani dogon siririn bututu da ke nannaɗe a cikin tanda mai zafi. Wata iska da ba ta haɗuwa da komai, kamar naitirojin ko hiliyom, ita ke tura tururin daga wannan baki zuwa wancan, cikin bututun kuma an shafe shi da wani abu mai danƙo da ke riƙe kowane sinadari gwargwadon yadda suka saba. Da nake koyarwa nakan ce wa ɗalibai su ɗauka mutum biyar ne suka shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, za su fita ta ɗaya ƙofar. Baƙon da bai san kowa ba shi zai fara fita, wanda yake da abokai a kowace rumfa shi zai zo ƙarshe, in kuma ka san halin kowannensu, agogo kaɗai ya ishe ka ka faɗi wanda ya fito ko ba ka ɗaga kai ba. A bakin fita akwai wani ɗan harshen wuta da ke ƙona duk abin da ya iso, na'ura ta zana shi kamar tsauni a takarda ko a fuskar kwamfuta, lokacin fitowarsa ya faɗi sunansa, tsayin tsaunin ya faɗi yawansa. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan dabara, Archer Martin da Anthony James, a Landan suka bayyana ta a 1952, kuma abin da suka fara rarrabewa da ita shi ne ainihin waɗannan ƙananan sinadarai masu tsami da muke magana a kai.

A 1976 wasu likitoci a Amurka ƙarƙashin Sherwood Gorbach, da wasu kuma a Ingila, suka nuna cewa ba sai an raini ƙwayar ba, ana iya auna mugunyar kai tsaye, kuma in aka ga irin su butirik da isobutirik da isobalerik, to alama ce mai ƙarfi cewa masu gudun iska suna ciki. Aikin duka ba ya cin awa guda. Akwai kuma wata fa'ida da nake ganin ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro hanyar. Jiharmu tana da faɗi, majinyaci daga Tanut ko Gure yana da tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya iso birni, Yamai kuwa tana da nisan kusan kilomita 900. Ƙwaya mai gudun iska ba ta jure wannan tafiya cikin zafinmu, haka kuma ba ta tsiro da kyau a faranti idan majinyaci ya riga ya sha kafso, wanda kusan kowa sai ya sha kafin ya zo asibiti. Sinadarin da ta zubar kuwa ba shi da rai balle ya mutu. Muddin an toshe kwalbar da kyau an sa ta a akwatin sanyi irin wanda ake ɗaukar allurar rigakafi a ciki, shaidar tana nan ko da mai laifin ya riga ya mutu.

Ba zan ɓoye iyakar wannan hanya ba, domin wanda ya yi wa abu yabon da ya wuce kima shi ne ke kashe shi. Idan asetik kaɗai aka gani, bai nuna komai ba, tunda ƙwayoyin da ke son iska ma suna fitar da shi. Idan mugunya ta haɗa dangi huɗu ko biyar, zanen zai ce masu gudun iska suna nan, yana iya nuna wanda ya fi rinjaye, amma ba zai lissafo sunan kowace ba, kuma ba zai faɗi maganin da ta daina ji ba. Duk da haka amsar da yake bayarwa ita ce wadda likita ya fi buƙata a daren farko, domin metironidazol, wanda mutane suka fi sani da Flagyl, a cikin bakteriya masu gudun iska ne yake kashewa, ba ya taɓa Streptococcus, ba ya kuma yi wa Actinomyces komai.

Hanya ta biyu ta fi wannan sabunta, ita ce ake kira Maldi-Tof, kuma ita ce ta karɓe yawancin aikin gane ƙwayoyi a manyan asibitocin duniya. Ita sai ƙwayar ta ɗan tsiro a faranti tukuna, amma da ta tsiro, ana ɗibar ɗan mitsitsi da tsinke a shafa a kan wani farantin ƙarfe, a ɗiga masa wani sinadari, a bar shi ya bushe, sai hasken leza ya buge shi, furotin ɗin da ke jikin ƙwayar su tashi su bi ta wani bututu da aka zuƙe wa iska. Marasa nauyi sukan riga masu nauyi isa ƙarshe, na'ura ta auna lokacin kowanne, ta fitar da zanen da ya keɓanta da wannan ƙwaya kamar yadda zanen yatsa ya keɓanta da mai shi, kwamfuta ta gwada shi da dubban zanen da ke ajiye a cikinta, ta faɗi suna cikin ƴan mintoci. Aikin da ya share fagen wannan na'ura shi ya sa Koichi Tanaka na Japan ya sami kaso a kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002, wasu Jamusawa biyu kuma, Michael Karas da Franz Hillenkamp, su suka samar da salon da ake amfani da shi yanzu. Sayenta yana da tsada ƙwarai, amma kowane awo bayan haka kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba baki kaɗai take yi wa aiki ba, duk ƙwayar da aka raina daga jini ko fitsari ko ruwan ƙashin bayan mai sanƙarau za ta faɗi sunanta. Masu cewa irin wannan kaya ba na ƙasashenmu ba ne, ina tuna musu cewa tun 2012 aka girka ta a babban asibitin soja na Dakar, ta kuma yi aiki.

Malam Edita, da ciwon haƙorin manya ne kaɗai, da wataƙila na yi shiru. Amma mu a Damagaram muna da wani ciwon baki da ya sa sunan jiharmu ya shiga mujallun likitanci na duniya, wato noma, wanda mutanenmu da yawa ke kira ciwon iska. Yana kama yara ne, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da dasashi mai jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin ƴan kwanaki naman ya yi baƙi ya zube, ya ci leɓe da hanci har da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da shi a kowace shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Sai a ranar 15 ga Disamban 2023 hukumar ta sa shi a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana kula da waɗannan yara a nan garin tun 1992, maƙwabtanmu na Sakkwato kuma suna da asibiti sukutum na noma tun 1999.

Tsakanin 2001 da 2006 wasu masana daga Janeba ta ƙasar Suwis suka gudanar da bincike a wannan jiha tamu, suka gwada yara 82 masu ciwon noma da yara 327 da ba su da shi, aka buga sakamakon a 2013. Kafin nan an fi zargin wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, bisa binciken da aka yi a Najeriya, amma bakunan yaranmu ba su tabbatar da wannan zargi ba. Abin da aka gani shi ne daidaiton ƙwayoyin baki ne yake rushewa, wasu su ragu, irin su Prevotella su yi yawa, a jikin yaron da yunwa da wata rashin lafiya ta kusa suka riga suka karya. Wannan ilimi daga bakin ƴaƴanmu aka ɗebo shi, amma a Turai aka auna shi. Ina gode wa waɗanda suka yi aikin da zuciya ɗaya, sai dai ina ganin lokaci ya yi da tambaya ta gaba za a amsa ta a nan, da hannun ɗalibanmu. Noma da ido ake gane shi, kuma yaron da dasashinsa ya fara ruɓewa ba a jiran wani awo kafin a ba shi amoksisilin da metironidazol, a wanke masa baki, a ba shi abinci mai gina jiki. Aikin ɗakin awo shi ne ya riƙa gaya wa likitoci, shekara bayan shekara, waɗanne ƙwayoyi ne ke yawo a bakunan yaran Mirya da Magarya da Matamai, kuma ko maganin da aka dogara da shi yana ci har yanzu.

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Da yawa daga cikin dangin Prevotella sun koyi fitar da wani sinadari da ke farfasa penisilin da amoksisilin kafin su yi aiki, kuma duk lokacin da mutum ya sha kafso na kwana biyu ya ajiye, kamar yadda ƙanena ya yi, raunanan ƙwayoyi yake kashewa ya bar wa masu taurin kai fili. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen. Likitan da ba shi da awo dole ya riƙa harbi da magani mafi faɗi domin kada ya kuskure, wannan kuwa yana ƙara wa ƙwayoyin wayo, yana kuma ƙara wa talaka tsawon takardar magani.

Na san za a ce ina kuɗi, ina wutar lantarki tsayayya, ina mai gyara in na'ura ta lalace. Tambayoyi ne na gaskiya, kuma saboda su nake ganin kada a fara daga sama. Akwai awon sinadari da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Rinin da Hans Christian Gram na Danmak ya ƙirƙiro a 1884 yana raba ƙwayoyi gida biyu cikin ƴan mintoci, mai ido kuma yakan gane Fusobacterium a madubi da siffarta mai tsini biyu kamar mazari. Wasu daga cikin Prevotella da Porphyromonas, in aka haska su da fitila mai hasken ultirabayolet a ɗaki mai duhu, sukan yi ja kamar jan bulo saboda wani sinadari da suke tarawa daga jini. Akwai kuma ƴar takarda mai sinadarin nitirosefin, wadda in aka shafa mata ƙwayar da ke farfasa penisilin sai ta juye daga rawaya zuwa ja nan take. Waɗannan, da tukunyar cire iska, da koya wa ma'aikatan gidajen likita na karkara su zuƙo mugunya da sirinji maimakon auduga, abubuwa ne da asibitin kowace gunduma zai iya ɗauka.

Kuromatogiraf kuwa guda ɗaya ta ishi jiha, kuma muna da inda za ta zauna. Jami'ar André Salifou tana da tsangayar kimiyya da fasaha, tana kuma da tsangayar kimiyyar lafiya, ga Babban Asibitin Zinder a gari ɗaya. Na'ura ɗaya za ta yi wa likita awon mugunya da safe, ta koyar da ɗalibai da rana, ta kuma yi wa masu binciken abinci da magungunan ƙwari aiki, ta yadda ba za ta zauna ƙura ta rufe ta ba. Batun masu gyara ma ba daga nesa za a fara nema ba, domin babu matatar man fetur ta zamani da ke aiki ba tare da irin wannan na'ura ba, mu kuwa muna da matatar SORAZ a arewacin gari tun 2011, ga kuma cibiyar bincike ta CERMES a Yamai da ta daɗe a aikin ƙwayoyin cuta, wadda za a iya neman ta horar da matasanmu. Wuta kuma, rana ce Allah ya hore mana fiye da buƙata, farantan hasken rana da batura za su riƙe ɗaki guda. In an ga wannan ya zauna da gindinsa, an sami ma'aikatan da suka iya rainon masu gudun iska, sannan a yi maganar Maldi-Tof, domin ita ba ta da amfani a ɗakin da ƙwaya ba ta tsiro. Abin da na fi tsoro shi ne a karɓo babbar na'ura kyauta, a yi bikin buɗewa, ba a ware kuɗin gas da sinadarai da gyara na shekara biyar ba, saboda haka duk wanda zai sa hannu a takardar saye, ina roƙonsa ya fara tambayar wannan kafin farashin na'urar kanta.

Ina miƙa wannan kira ga ofishin ministan kiwon lafiya, da hukumomin lafiya na jiha, da shugabannin jami'a, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram wadda maganarta ke isa inda takardar gwamnati ba ta isa, da attajiranmu da Allah ya buɗa wa, waɗanda ba su taɓa gajiya da gina masallatai da rijiyoyi ba. Iyaye kuma, kafin duk wannan ya samu, su riƙa buɗe bakin ƴaƴansu suna dubawa, musamman yaron da ya tashi daga ƙyanda ko wanda aka yaye yana rama. Dasashi mai jini da wari a bakin ƙaramin yaro, ko kumburin haƙori da ya fara gangarowa wuya ko ya hana buɗe baki a wurin babba, abin zuwa gidan likita ne a ranar, kuma tun 2006 doka ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocin gwamnati.

Ina fata likitocin haƙori da ma'aikatan ɗakunan awo na wannan jiha za su amsa mini a wannan shafi, su faɗi abin da suke gani a wurin aikinsu da abin da suka fi buƙata a fara da shi. Ni kuma, in jami'a ko wata makarantar koyon aikin lafiya ta ga ina da amfani, a shirye nake in zauna da ɗalibai in koya musu tushen kuromatogirafi kyauta, da takardar tace ruwa da tawada da kofin gilashi kamar yadda na saba yi a aji, kafin Allah ya kawo na'urar.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kimiyyar sinadarai,
Unguwar Birni, Damagaram.